Shaidun da Nea Anghel Ya Shafe

Ina rungume da kwalbar kabeji mai tsami lokacin da hasken tocilar Nea Anghel ya sauka a kan ginshiƙin.

Ranar Talata ce da hantsi. Ranar Litinin da azahar ƙasa ta ɗan motsa, irin motsin da mu mutanen Bukarest muka saba da shi: fitilar rufi ta yi lilo, cokula suka yi ƙara a cikin aljihun tebur, kowa ya kira 'yan'uwansa a waya ya tambaye su ko sun ji. Kakata, wadda nake kira Buni, ta aike ni ƙarƙashin gida, inda kowane mai ɗaki yake da ɗan kejinsa na katako na ajiye kwalabe da tsofaffin kujeru. Ƙwan fitilar wurin ya mutu. Na hangi haske can ƙurya, inda a da ake zuba gawayi, sai na bi shi. Na tarar da Nea Anghel, wato Kawu Anghel, tsohon da yake zaune a ɗakin mai gadi kusa da ƙofar shiga, ya jawo wani faifan katako gefe yana haska abin da ke bayansa.

Tsaga ce ta taso daga saman ginshiƙin ta gangaro a karkace har ƙasa. Ƙaramin yatsana zai shiga cikinta. An ɗora mata wasu 'yan gutsattsarin farar ƙasa a gicciye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne kamar faɗin yatsu biyu, kuma a kan kowanne an zana kwanan wata da ƙusa. Duk sun tsage a tsakiya. Na ƙarshe, mai ɗauke da watan Janairu na bana, farin garinsa yana nan sabo a ƙasa.

Bara na gama jami'a, kuma abin da na karanta ke nan: yadda gini yake ɗaukar nauyinsa. Masu aikin gini suna kiran waɗannan gutsattsari shaidu. Ana ɗora su a kan tsaga. Idan tsagar ta ƙara buɗewa ko da da ƙwayar zarra ce, shaida zai fashe. Na gan su a littafi. Ban taɓa ganin fiye da arba'in a jere a kan ginshiƙi ɗaya ba, kuma ginshiƙin da yake ɗauke da hawa bakwai, ni da Buni muna na biyar.

“Girgizar jiya ce ta fasa wannan,” in ji Nea Anghel. “Riƙe kwalbarki da kyau, Smaranda. In ta faɗi Buni ba za ta yafe miki ba.”

Tun ina yarinya na san shi, amma abin da na sani kaɗan ne. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, fatar hannunsa ta yi kaushi kamar bayan bishiya. Shi yake canja ƙwan fitila a matakala, ya share ƙanƙara a bakin ƙofa. Duk sabuwar shekara yakan ba kowane yaro a gidan usur na roba, ya ce a ajiye kusa da gado, domin wanda gini ya danne muryarsa takan ƙare kafin numfashinsa. Saboda haka muke kiransa Baba Usur a bayan idonsa, manya kuma su kira shi haka a gaban idonsa. Sauran labarin a cikin mako biyun da suka biyo baya na ji shi, kaɗan-kaɗan, ina zaune a bakin gadonsa yana yanka tuwon masara da zare yana barbaɗa masa cuku.

A wani ƙauye na kudu aka haife shi, kusa da kogin Danube. Yana da shekara goma sha bakwai ya zo birni koyon gini, aka ga hannunsa yana da kyau a shafe, aka bar shi a kan fulasta. Yana da ashirin da biyu babbar girgizar ta zo, ranar huɗu ga Maris na shekarar 1977. Ni a makaranta na san wannan rana: ita ce dalilin da ya sa ake buga ƙararrawa mu shige ƙarƙashin tebur, a kuma yi ta nanata mana cewa kada mu kuskura mu bi matakala. Shi da hannunsa ya san ta. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana tonon ɓaraguzai a tsakiyar gari. Ya ce a kwana uku na farko suna jin mutane suna buga bututun ruwa daga ƙasa, daga baya bugun ya riƙa raguwa.

Gidanmu bai faɗi ba. An gina shi kafin yaƙin duniya na biyu, da siraran ginshiƙai da rodi kaɗan, irin waɗanda suka rushe a titin da ke bayanmu, amma shi ya tsaya. Aka turo rukunin su Nea Anghel su gyara shi, a ƙarƙashin wani tsohon injiniya mai suna Haralamb. Ginshiƙai tara ne a ƙarƙashin gidan. Haralamb ya ce kowanne sai an yi masa riga ta rodi da kankare. Sun gama biyu ke nan umarni ya zo daga sama da bazara: a dakatar da ƙarfafa gine-gine, a toshe tsagogi, a yi fenti, birni ya nuna ya warke. Haralamb ya yi gardama, aka ɗauke shi daga aikin. Ranar da zai tafi ya ja Nea Anghel zuwa ƙuryar gawayi, ya dama farar ƙasa a murfin gwangwani, ya nuna masa yadda ake ɗora shaida. Ya ce masa wannan ba zai riƙe gidan ba, amma zai riƙa faɗa masa halin da ake ciki.

Nea Anghel ya shafe duk tsagogin gidan daga hawa na bakwai har ƙasa, kuma ya yi aikin da kyau, domin bai iya yin aiki da muni ba. Ginshiƙai uku na ƙurya kaɗai ya bari, ya rufe su da katako. Ya auri Veta, matar da take sharar matakala, wadda aka ba ɗakin mai gadi, ya tare a wurinta. Ba su haihu ba. Duk safiyar Litinin yakan sauka da tocila ya duba shaidunsa. Idan ɗaya ya fashe sai ya ɗora sabo a ƙarƙashinsa ya zana kwanan wata. Ya nuna mini na girgizar 1986, da biyu na 1990 da suka fashe kwana ɗaya tsakani. A shekarun farko shaida yakan yi shekara biyu ko uku lafiya. Amma daga shekara shida da suka wuce, tun da aka rushe wani bango a hawan ƙasa don faɗaɗa shagon kofi, sai su riƙa fashewa duk bayan 'yan watanni, ko ƙasa ta motsa ko ba ta motsa ba.

Na tambaye shi wa ya faɗa wa. Ya ce ya faɗa wa Veta. Veta ta rasu shekara takwas da suka wuce.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma sai da na matsa masa ya faɗa. Bayan tsohuwar gwamnati ta faɗi, masu haya suka sayi ɗakunansu, amma ɗakin mai gadi aka rubuta shi a matsayin mallakar ƙungiyar masu gida, don haka shi da Veta ba su da takarda ko ɗaya. A waɗannan shekaru injiniyoyi suka riƙa zagaya tsofaffin gine-gine suna aunawa, kuma wanda aka samu zai iya rushewa a babbar girgiza ta gaba, sai a manna masa jan tambari mai faɗin faranti a bakin ƙofa. Kowa a birnin nan ya san ma'anar jan tambari. Ba mai sayen ɗakinka. Daga baya da aka wajabta wa kowane mai gida yin inshorar girgizar ƙasa, gidaje masu jan tambari aka ce ba a karɓarsu sai an gyara su, gyaran kuwa yana nufin kowa ya kwashe kayansa ya fita na shekaru. Daga baya kuma aka hana buɗe shago ko gidan abinci a ƙarƙashinsu. Mutanen gidanmu sun hango wannan tun da wuri. Suka taru suka yanke cewa ba injiniyan da zai shiga. Suka miƙa wa Nea Anghel makullin ƙarƙashin gida, suka ce in an zo ya ce ya ɓata. Sau uku aka zo, sau uku ya ce ya ɓata. Buni tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a wannan taro.

Shi ya sa gidanmu ba shi da tambari. Ba a taɓa auna shi ba, saboda haka a takarda lafiyarsa lau, kuma kowa yana da inshora. Domnu Parvu, wato Malam Parvu, shugaban ƙungiyar masu gida, wanda kuma shi ne mai shagon kofi, ya sa takardar shaidar haka a gilashi ya rataye kusa da lif, a gefen hoton jakar gaggawa da ake cewa kowa ya tanada: ruwa, tocila, magani, usur.

Na ce wa Nea Anghel to me ya sa shi bai tafi ba, tunda ya sani. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa bai tashi sama ba. Ya ce gidan mahaifinsa na ƙauye an sayar tun tuni, 'yan'uwansa duk suna maƙabarta, kuma in ya tafi wa zai duba su ranar Litinin.

Na ɗauki hoton shaidun duka da wayata, ginshiƙi uku, ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe mini tocila. Bai tambayi abin da zan yi da su ba, ina jin ya ɗauka na karatu ne. A wannan makon na daina shiga lif. Idan babbar mota ta wuce a titi sai in miƙe tsaye. Na ajiye kofin ruwa a kan tebur ina kallon fuskarsa. Daga ƙarshe na cika takardar neman a zo a auna gidan, na kai ofishin birni da ke kula da wannan, ban gaya wa kowa ba. Ban haɗa da hotunan ba. Na ɗauka zuwan ƙwararru kaɗai ya isa.

Da wasiƙar ta zo da ranar da za a zo, Domnu Parvu ya kira taro a zauren shiga, ranar Asabar da yamma. Mutane suka sauko da kujerunsu na kicin. Ya karanta wasiƙar har ƙarshe, har da sunana. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, kullum cikin rigar sanyi mai tsabta. Ya ce tunda yanzu muna da injiniya a gida, wadda tawadar takardarta ko bushewa ba ta yi ba, sai ta taso ta ilimantar da mu.

Na tashi. Na yi bayanin nauyi da rodi da bangon da aka rushe. Madam Zoe ta hawa na uku, wadda ta sa ɗakinta a kasuwa don ta koma wurin ɗanta a Italiya, ta ce gidan nan ya ci girgizar saba'in da bakwai tun uwata ba ta san inda hancinta yake ba. Wani ya ce kowane tsohon gida yana da tsaga, shi ma a fuskarsa akwai. Aka yi dariya. Sai Domnu Parvu ya tambaye ni, a hankali, ta yaya na san tsagar tana ƙaruwa, tunda mako uku kawai da ganinta.

A nan na yi kuskuren. Na nuna Nea Anghel, wanda yake tsaye a bakin ƙofarsa riƙe da hularsa. Na ce su tambaye shi, shekara arba'in da shida yana auna ta, kowane motsi yana rubuce a jikin ginshiƙi. A raina girmama shi nake yi. Na ɗauka za su juya su dube shi yadda nake dubansa.

Sun juya sun dube shi. Madam Zoe ce ta fara. Ta ce ashe macijin da muke ciyarwa a bakin ƙofa ne, shekara da shekaru yana kwana kyauta yana rubuta mana takardar mutuwa. Wani ya ce shi ne ma ya shafe tsagogin tun farko, in akwai mai laifi ga shi nan. Wani daga baya ya busa usur da baki, aka sake dariya. Nea Anghel yana ta juya hularsa. Domnu Parvu ya bari suka gaji, sannan ya yi magana.

“Nea Anghel, dattijo, ɗakin da kake ciki na ƙungiya ne, ka sani. Tun da Veta ta rasu ba ka da hurumin zama, tausayi ne ya bar ka. Saura kwana tara su zo. Kai mai fulasta ne, kuma an ce a zamaninka ba kamarka. Ka sauka ka gyara mana waɗannan ginshiƙai su yi kama da sauran. Idan rahoto ya fito ba tambari, ɗakin naka ne har ka mutu, zan sa hannu a kai. Idan ya fito da ja, a wannan makon za ka fita.”

Aka ɗaga hannu. Ni ba ni da ƙuri'a, domin ɗakin na Buni ne. Buni ta ɗaga nata tana kallon ƙasa. Da muka hau sama, ta ce mini ɗakin nan shi kaɗai ne abin da za ta bar mini a duniya, shekara talatin tana ɗinki a masana'anta kafin ta same shi, ni kuma na je na ɗebo jan fenti zan watsa masa. Na ce mata ginshiƙin zai iya kashe mu. Ta ce tana da shekara tamanin da ɗaya, wani abu dai zai kashe ta, ta fi son ya same ta a kicin ɗinta.

Ranar Litinin da safe na sauka. Na same shi ya riga ya fara. Ya kunna fitila mai ƙarfi da Domnu Parvu ya kawo masa, yana kankare shaidun da gefen cokalin gini, ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, suna faɗawa cikin bokiti. Na ga 1986 ya faɗa. Na roƙe shi ya bari. Na ce zan nemi lauya, zan rubuta wa jarida, zan yi magana da malamaina. Ya tambaye ni ko lauyan yana da ɗaki da gado.

“Ke kina da digiri da ƙafafu biyu masu lafiya,” ya ce. “Gobe in kin so ki koma Jamus. Matsa daga hasken, 'yata, kina yi mini inuwa.”

Kwana huɗu ya yi yana aikin, kuma ban taɓa ganin hannu kamar nasa ba. Ya cusa siminti a tsagar, ya shafe, ya goge har ba ka gane inda sabo ya haɗu da tsoho. Da ya bushe sai ya tattaro ƙurar gawayi daga ƙurya ya dama da ruwa ya shafa da tsumma, ya bi da busasshen buroshi. Ya ɗebo ruwan kabeji mai tsami daga gangar wani ya yayyafa a gindin ginshiƙan, don warin wurin ya danne warin sabon siminti. Har saƙar gizo-gizo ya ɗauko da sanda daga wani kejin ya rataya a kusurwa. Domnu Parvu ya sauko ya duba, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ashe tsohon hannu bai mutu ba, ya aiko masa da kofi da gurasa daga shago.

Ƙwararriyar da ta zo mace ce mai furfura, da hular kwano da ƙaramar guduma, tare da abokin aikinta mai ɗauke da injin huda kankare. Domnu Parvu ya tarbe su da murmushi, ya ce ƙofa a buɗe take, ba mu da abin ɓoyewa. Ni da shi da Nea Anghel muka bi su ƙasa. Ta zagaya ginshiƙan tana ƙwanƙwasawa tana saurare. Ta daɗe a kan biyun da Haralamb ya yi wa riga, ta ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. A ƙuryar gawayi ta ƙwanƙwasa, ta shafa da tafin hannu, ta dubi ƙurar da ta manne mata. Ta tambayi Nea Anghel yaushe aka yi wa waɗannan fulasta na ƙarshe.

“Tun saba'in da bakwai, ranki ya daɗe,” ya ce.

Ta rubuta. Ta juya za ta wuce. Wayata tana aljihuna, hannuna yana kanta tun da muka sauko. Na san abin da zai same shi idan na fito da ita. Na kuma san akwai yara biyar a gidan, biyu a hawa na shida. Ba zan ce na auna waɗannan al'amura biyu na zaɓa ba. Tsoro ne ya fito da ita, tsoron kaina, domin a hawa na biyar nake kwana.

Ta karɓi wayar ta riƙa jan hotunan da yatsa, tana ɗaga kai tana duban ginshiƙin da ke gabanta. Ta ƙara girman wani hoto har kwanan watan ya cika fuskar wayar. Ta tambaya rubutun wane ne. Domnu Parvu ya ce wasan wani tsoho ne da kansa ya fara juyewa, kowa a gidan ya san shi da usur. Ta ce ba shi ta tambaya ba.

“Nawa ne,” in ji Nea Anghel.

“Kuma kai ka rufe su?”

“Ni ne.”

Ta ce masa ya san abin da ya yi laifi ne, kuma dole ta rubuta. Ya ce ya sani. Bai dube ta ba, ni yake kallo, kuma babu fushi a fuskarsa, kallo ne irin wanda yake yi wa shaida da ya tarar ya fashe. Abokin aikinta ya kafa injin ya huda ginshiƙan uku, ya zaro kankare kamar tsawon kwalba ya sa a leda. Na uku bai fito a dunƙule ba, gutsu-gutsu ya fito. Na tambaye ta me take gani. Ta ce ba ta faɗin komai a ƙarƙashin gida, sai an gwada a ɗakin gwaji an yi lissafi, rahoto zai iso ga ƙungiya cikin kwana sittin. Ta ce wani lokaci gini irin wannan yakan faɗa aji na biyu, wanda ba a manna masa tambari. Domnu Parvu ya riƙe wannan maganar, tun daga ranar yake maimaita ta ga duk wanda ya haɗu da shi a lif.

Washegari aka wayi gari an zana jar da'ira irin ta tambarin a ƙofar Nea Anghel da fenti. Ba wanda ya ga mai zanawa. Bai goge ba. Mai sayen ɗakin Madam Zoe ya ji labari ya janye, ita kuma yanzu duk sa'ad da ta wuce ƙofarsa sai ta tofar da yawu. An daina aiko masa da ragowar gurasa daga shago. Wata uwa ta tattara usur ɗin 'ya'yanta ta zube masa a bakin ƙofa. An karɓe aikin canja ƙwan fitila an ba wani. Ni kuwa ba wanda ya zana mini komai, saboda Buni. Ana dai yin shiru idan na shigo zaure. Buni tana dafa abinci ta ajiye mini faranti, ba ta ce mini ci ba.

Na ƙwanƙwasa masa ƙofa sau huɗu bai buɗe ba. Wata rana da ya buɗe don fitar da shara na hangi cikin ɗakin. Ya cire hoton Veta daga bango. Jakunkuna biyu na leda masu zif suna ajiye kusa da takalmansa na aiki, waɗanda dama kullum suke bakin ƙofa.

Har yanzu yana sauka ranar Litinin da safe. Makon jiya na bi shi. Yana tsaye a ƙuryar gawayi yana haska ginshiƙan, sumul, babu komai a jikinsu sai ramukan da injin ya bari. Na ce masa ya yafe mini. Na ce mu ɗora sabon shaida, ni zan sayo farar ƙasa. Ya ce a kan me za mu ɗora, tunda tsagar tana ciki, kuma simintin da ya sa mai kyau ne, zai daɗe bai nuna komai ba.

“A da ina sanin halin da take ciki,” ya ce. “Yanzu ko ta buɗe, ba wanda zai sani.”

Ya kashe tocilar ya wuce ni ya hau.

Idan rahoton ya zo da ja, na yi gaskiya, kuma tsoho mai shekara sittin da takwas zai ɗauki jakunkuna biyu ya fita titi. Idan ya zo ba ja, zai zauna a ɗakinsa, mu kuma za mu ci gaba da kwana a kan ginshiƙan da na gani da idona. Kullum da safe nakan sauka ta matakala in duba akwatin wasiƙar ƙungiya ta ɗan ramin da ke jikinsa, kuma ban san wanne nake fata in gani ba. An kira ni gwajin aiki a wani kamfanin gini, ban je ba, domin ofishinsu yana hawa na tara.

Yau kwana arba'in da ɗaya da zuwan ƙwararriyar. Rahoton bai iso ba tukuna.